Yadda ake zaɓen kiɗan da za a gwada MP3 da sautin asali

Gardama ce da ta daɗe tsakanin masu situdiyo da masu tura waƙoƙi a memori a nan Gusau. Wani ya rantse kunnensa na bambance MP3 da WAV (fayil ɗin sautin asali da ba a matse ba) tun daga bugun farko, wani ya ce ai duk kanwar ja ce. Gwaji ne kaɗai ke raba su. Matsalar ita ce, sau da yawa gwajin kan lalace tun kafin a kunna komai, saboda kiɗan da aka ɗauko.

Sautin faifan CD na cin kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. MP3 mai lamba 128, wato kilobit 128 a daƙiƙa, kuwa kusan kashi ɗaya ne cikin 11 na wannan. Sauran an zubar, kuma ba da ka ake zubarwa ba: manhajar da ke matse sauti zuwa MP3 na cire ƙananan sautukan da take ganin wani sauti mai ƙarfi ya danne su, kunne ba zai ji rashinsu ba. Aikinka shi ne ka nemo kiɗan da wannan dabara ba ta da wurin ɓuya a cikinsa.

Mataki na farko, ka tabbata asalin naka asali ne. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Sai mutum ya ɗauki MP3 ya juya shi WAV a kwamfuta, ya ga fayil ya kumbura, ya ɗauka inganci ya dawo. Garin da aka tankaɗe, dusarsa ba ta komawa don an sauya masa buhu. Abin da ka sauko da shi daga YouTube, an riga an matse shi, haka ma saƙon murya na WhatsApp. In kana shakkar wani fayil, buɗe shi da manhajar Spek ko Audacity, duk kyauta ne, ka dubi hoton sautin. In ka ga an yanke samansa kamar da wuƙa a wajen lamba 16,000 (16 kHz) a ma'aunin gefen hoton, to ya taɓa bi ta matsi.

Na san hannun ɗan Zamfara zai fara kai wa ga Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ko Sa'idu Faru, don su kunnenmu ya haddace. Abin takaici, yawancin abin da ke yawo a wayoyi na waɗannan manya daga kaset aka kwafo, aka matse, aka sake matsewa. A saurare su don jin daɗi da hikima, amma ba su dace da wannan aiki ba. Ka roƙi mai situdiyo ya ba ka WAV ɗin da ya fitar da hannunsa, ko ka ɗauki makaɗi da kanka da makirufo mai kyau. Fayil ɗin FLAC ma ya yi, don shi ba ya zubar da komai.

Mataki na biyu shi ne zuciyar lamarin: irin sautin da za ka nema. Fara da bugu mai kaifi da ke fitowa daga cikin shiru. MP3 na yanka sauti gunduwa-gunduwa ne, don haka idan bugu ya faɗo kwatsam, ƙazantar matsin kan bazu ta riga bugun isowa. Maimakon ka ji “tas!” sai ka ji wani ɗan “shtas”. Masana a Turai kan gwada wannan da ’yan katakon da masu rawar ƙasar Sifen ke kaɗawa a tafin hannu. Mu muna da abin da ya fi kusa: ƙuge, sambani, da kiɗan ƙwarya idan ana buga ta da ’yan sanduna. A buga a hankali, a bar fili tsakanin bugu da bugu.

Sai tafi da caki. Tafin jama'a wurin biki na cikin abin da ya fi wahalar da matsi, don ba shi da tsari, kowane hannu da lokacinsa. In matsin ya yi yawa, za ka ji tafin ya koma kamar ana soya abu a mai, cakin kuma ya riƙa wani irin lilo kamar yana cikin ruwa.

Kada ka manta da murya tsura, ba kiɗa. Karlheinz Brandenburg, ɗaya daga cikin injiniyoyin Jamus da suka ƙirƙiro MP3, ya yi ta maimaita waƙar “Tom's Diner” ta Suzanne Vega wajen gyara aikinsu, saboda murya ce ita kaɗai, duk aibin matsi a fili yake fitowa. Samo mace mai rera waƙar niƙa ko ta reno, ka kasa kunne ga haruffan s, sh da ts, da jan numfashinta tsakanin baiti da baiti. Ƙara da goge ko kukuma mai jan dogon sauti.

Waƙar fiyano wadda aka cika da kaya tun daga farko har ƙarshe, ka sa guda ɗaya kawai don kwatance. Ita ce ta fi ɓoye aibi. Haka ma ganga mai zurfin amo ba ta cika tona asiri ba.

Mataki na uku, yanka. Ba a gwaji da waƙa sukutum, don kunne na saurin mance abin da ya ji. Daƙiƙa 10 zuwa 25 sun isa, guntaye biyar ko shida. Daga kowane guntu ka fitar da MP3 ɗinka da kanka, a 128, da 192, da 320. Su fara wuri ɗaya, ƙararsu ta zo daidai, domin wanda ya ɗan fi ƙara shi kunne zai ce ya fi daɗi, ko da shi ne mai aibin.

Daga nan sai sauraro. Yi amfani da hedifon mai waya, domin Bluetooth na sake matse sautin a hanya. Jira dare bayan Isha, sa'ad da janaretan maƙwabta ya yi shiru, ka kashe fanka. Kuma lallai kada ka san wanne ake kunna maka. Manhajar foobar2000 na da wani ƙari mai suna ABX: za ta ba ka na asali da matsattse, sannan ta ɓoye ɗaya ta ce ka faɗi wanne ne. In babu ita, aboki ya zauna bayanka ya jefa kwabo, ya kunna, ya rubuta amsarka ba tare da ya ce uffan ba. A yi sau 16. Wanda ya ci 12 ko fiye, da wuya a ce sa'a ce kawai. Wanda ya ci takwas ko tara, canki-canka ya yi.

Fara da 128 da guntun ƙuge, har kunnenka ya gane irin aibin da yake farauta, sannan ka hau 192. A 320 mutane da yawa, har da masu aikin sauti, ba sa iya bambancewa. In ka kai inda ka daina ci, rubuta lambar da guntun da hedifon ɗin da ka sa, ka miƙa wa na gaba kujera.