Teburin aikin kafinta na tafi-da-gidanka: kurakuran da aka fi yi wajen haɗa shi da filawud

Kafintan ƙauye ba a shago kaɗai yake cin abinci ba. Yau an kira shi sa ƙyaure a sabon gini, gobe gyaran bencin Islamiyya a garin gaba, jibi haɗa gadon amarya a cikin ɗakinta saboda ba zai shiga ƙofa a haɗe ba. A irin waɗannan wurare da yawa kan durƙusa a ƙasa, su take katako da ƙafa suna yanka, ko su ari turmi su kifa. Shi ya sa matasan kafintoci suka fara haɗa ƙaramin teburin aiki na filawud wanda za a ɗaure a bayan babur ko a jefa a amalanke. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Sai dai yawancin waɗanda ake haɗawa ba sa ganin damina biyu, wasu kuma tun ranar farko rawa suke yi. Abin da ake nema a wannan tebur abu biyu ne da suke kamar ba sa jituwa: ya yi sauƙin ɗauka, ya kuma tsaya ƙyam idan ana aiki a kansa. Kusan duk kuskuren da ake yi, garin neman ɗayan ne ake zubar da ɗayan.

Tun daga kasuwa ake fara ɓata aikin. Mutum ya shiga 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo a Kano, ko ya tsaya wurin mai katakon garinsu, ya ce a ba shi mai sauƙin kuɗi. Sai a miƙo masa MDF ko wani allo mai ƙyalli da aka yi don kabad ɗin cikin ɗaki. MDF garin katako ne da aka matse da gam. Ya fi filawud nauyi, domin cikakken allo mai kaurin milimita 18 yakan kai wajen kilo 40, gefensa ba ya riƙe sukuru, kuma da ya sha ruwa sai ya kumbura, ba ya komawa. Ga nauyi ga rashin ƙarko, araha kuwa ba ta ado. Filawud na gaske siraran ɓawon itace ne da aka jera, kowane ya gitta wa na ƙasansa, yawanci adadinsu mara ne: 3, 5, 7 zuwa sama. Wannan gittawar ce ƙarfinsa. Kafin ka biya, tsuguna ka dubi gefen allon da kyau. Ka ƙirga layukan, ka bi su da farce. Idan ka ga ramuka a tsakani, ko wani layi ya hau kan wani, ko farcenka ya ɓamɓare na sama, ajiye shi. Sannan ka tayar da shi, ka kanne ido ɗaya ka hango tsawonsa. Allon da ya lanƙwashe a kasuwa ba zai miƙe a gidanka ba.

Daga nan sai kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma a nan nake so a daɗe. Mutane sun ɗauka kauri ne ƙarfi. Sai a yanko falle ɗaya na mai inci uku bisa huɗu, a kafa masa ƙafa huɗu a kusurwa, a ce an gama. Bayan 'yan makonni tsakiyarsa ta lotsa. Wani kuma don gudun haka sai ya liƙa falle biyu ko uku, ya wayi gari da teburin da sai mutum biyu sun kama. An rasa tafi-da-gidankan ke nan.

Maganin shi ne a yi saman teburin kamar yadda ake yin ƙyauren fulosh: falle a sama, falle a ƙasa, haƙarƙari a tsakani. Cikakken filawud ƙafa 4 ne a faɗi, ƙafa 8 a tsawo. Ɗauki mai rabin inci guda ɗaya. Ka fitar da falle biyu, kowane ƙafa 2 da ƙafa 4. Rabin allon ya tafi. Ragowar rabin ka tsaga shi tsiri-tsiri masu faɗin inci 6. Biyu su zama dogayen gefe, sauran ka yanka su gajeru: biyu na kai da gindi, uku na ciki, tazarar kusan ƙafa ɗaya tsakaninsu. Ka tsayar da su a kan gefensu, ka shafa gam, ka rufe sama da ƙasa. Abin da ya fito akwati ne wanda bai kai kilo 20 ba, amma ƙato zai hau ya tsaya bai motsa ba, saboda kafin ya lanƙwasa sai fallen sama ya takure na ƙasa kuma ya miƙe, haƙarƙarin kuwa ya hana su. Ka huda manyan ramuka masu siffar ƙwai a dogayen gefen: nauyi zai ragu, ka samu wurin kamawa, cikin akwatin kuma ya zama ma'ajiyar guduma da tef da sukwaya, ba sa tare maka saman tebur.

Wurin haɗa wannan akwatin akwai tarko guda. Duk yadda ƙasan da ka haɗa shi a kai take, haka zai fito. In ka haɗa shi a tsakar gida mai tudu da kwari, gam zai bushe da karkacewar, kuma har abada ba za ta gyaru ba. Nemi daɓen siminti mai kyau, ko ka shimfiɗa katako biyu ka daidaita su da lebur, wato ma'aunin nan mai ruwa a ciki, tukuna.

Awo ma yana cin mutane ta hanyoyin da ba su zata ba. Abin da ake kira rabin inci sau da yawa bai cika milimita 12 ba, don haka kada ka lissafa tsawon haƙarƙarin ciki da ka. Haɗa gutsure biyu na allon da ka saya ka auna kaurinsu na gaskiya, ka cire daga faɗin. Zarto kuma yana da nasa rabon: na inji yakan cinye kusan milimita 3 a kowane yanka. Wanda ya zana layuka takwas a jere ya bi su da zarto zai tarar na ƙarshe ya gaza. A auna ɗaya, a yanka, sannan a auna na gaba. Kafin gam ya kama, ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sannan ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu bai zo daidai ba, akwatin ya goce, tura shi har su daidaita.

Sai ƙusa. Hannun kafintanmu ya saba da ƙusa mai inci uku, to amma gefen filawud ba katako ba ne. Ka doka masa babbar ƙusa, sai ta shiga tsakanin layukan ta buɗe su, ka ga gefen ya yi ciki. Tebur ne kuma da kullum ake ɗagawa, ana jijjiga shi a hanyar burji, ƙusa kuwa jijjiga ce ke zare ta. Farin gam irin su Top Bond shi ne ainihin mai riƙon. Sukuru aikinsa ya matse har gam ɗin ya bushe. Ka fara huda ƙaramin rami kafin ka ɗaura sukuru, ka nisanci kusurwa da kamar inci 2, ka kuma nutsar da kansa ƙasa da fuskar allon, don kan sukuru ɗaya da ya leƙo ya isa ya ɓantare bakin filan, wato abin goge katako, ko ya karce aikin mutane. A lokacin hunturu gam na saurin yin fata, saboda haka kada ka shafe ko'ina sannan ka tafi neman sukundireba. Shirya komai a gabanka tukuna. Bayan an haɗa, a bar shi kwana ɗaya cur kafin a ɗora masa aiki.

Ƙafafu su ne inda rawar take. Tsaya ka kalli yaro yana goge katako a kan teburin da ba a ɗaure ƙafarsa ba: duk turawa ɗaya teburin ya bi shi gaba, ya dawo, bakin filan ya yi tsalle ya bar tabo, yaron ya sa gwiwa ya tokare yana gumi. Rabin ƙarfinsa a tebur yake ƙarewa. Ƙafa huɗu a tsaye ba sa hana wannan, komai kaurinsu. Abin da ke hanawa shi ne katakon da aka gicciya daga saman wata ƙafa zuwa ƙasan wata, ko faffaɗan gutsuren filawud mai faɗin inci 8 zuwa 10 da aka ɗaure tsakanin ƙafafun. Ni a ganina ma ya fi kyau a raba ƙafafun da saman gaba ɗaya: a yi mazauni biyu masu naɗewa da busasshen katakon tu-bai-tiri, wato mai inci 2 da inci 3, a ɗora akwatin a kai, a sa 'yan katakai a ƙasansa da za su faɗa cikin mazaunin su kulle. In kuwa za a haɗa su ne, a yi da ƙusa mai noti da wosha, ba sukuru ba, domin ramin sukuru yana cinyewa idan ana yawan kwancewa. A kula da ɗanyen katako. Wanda aka saya da damina yana jiƙe zai tsuke idan iskar hunturu ta kaɗa, duk mahaɗa ta saki.

Tsayi kuwa yawanci tsakanin inci 34 ne da 36, amma jikinka ne ma'auni: miƙe tsaye, saki hannu, inda wuyan hannunka ya tsaya nan ne saman tebur. Da yawa kan yanka ƙafafu a wannan awon su manta kaurin akwatin, kusan inci 7, su ƙare suna aiki kafaɗa a ɗage. Cire shi tun farko.

Wani zai ce, to ai tebur marar nauyi ko bai yi rawa ba zai ja a ƙasa. Gaskiya ne. Amma ba sai ka ɗauko nauyin daga gida ba. Riƙe buhu wofi a cikin akwatin. In ka isa wurin aiki ka cika shi da yashi, ko ka ari bulo biyu, ka ɗora a kan katakon da ya haɗa ƙafafun. A ƙasarmu ta rairayi, musamman wajen Gumel da Maigatari, siraran ƙafafu nutsewa suke yi, kowace da zurfinta. Ɗaura wa kowace ƙafa tafin filawud mai faɗin tafin hannu.

Akwai kuma masu manta dalilin teburin, wato riƙe aiki. Su yi gefen sumul, babu inda kilam, wato ƙarfen matse katako, zai kama. Ramukan gefen nan da na ambata sun magance wannan. Ƙara da huda ramuka masu faɗin inci uku bisa huɗu a saman, layi biyu, tazarar inci 4, ka feƙe turaku na maɗaci ko wani itace mai tauri da za su shiga ciki. Turke biyu da 'yar tsinin katako da za ka buga a tsakani sun isa su riƙe falanki ba tare da bayis, wato ƙarfen riƙe aiki da ake kafawa a jikin tebur, ba. Fenti mai sheƙi kuma a saman tebur ɓarna ce, aiki zamewa yake yi. A bar fuskar da ɗan kaushinta, ko a ɗaura mata siririn filawud mai kwata inci wanda za a cire a canza idan zarto ya cinye shi.

Inda ya kamata a kashe banish, wato man da ake shafa wa katako, shi ne gefuna, don ta nan ruwa ke shiga ya raba layukan, farin gam kuma ba ya jure jiƙa. A shafa sau biyu ko uku, ko a rufe gefen da siririn katako mai tauri, wanda zai kuma kare shi daga cizon igiyar roba a bayan babur. Ƙasan ƙafafu a shafa musu Solignum ko baƙin mai saboda gara. Kada a jingine teburin da katangar ƙasa, kada a bar shi a rana fuska ɗaya na gasuwa ɗaya na shan laima. A kwantar da shi a inuwa, a kan bulo, yadda iska za ta wuce ta ƙarƙashinsa, kuma idan damina ta kama a riƙa ɗaga shi lokaci-lokaci ana duba bulon ko gara ta fara gini.