Yadda ake ceto tufafin da suka yi tabo ko suka yage

A yanzu da kuɗin shadda da atamfa da leshi ya yi tashin gwauron zabi, ga kuma kuɗin ɗinki, bai kamata a jefa riga ƙasan akwati don kawai manja ya ɗiga mata ko ƙusa ta ja ta ba. Yawancin irin wannan ɓarna tana gyaruwa a gida. Abin da ya fi kashe tufafi shi ne maganin da ake yi musu cikin ruɗewa, wato a dirje wurin da ƙarfi, a kwara ruwan zafi, a tsiyaya bilic, sannan a ɗora dutsen guga tun tabon bai gama fita ba. Zafi yana dafa tabo a cikin zare, kuma da zarar ya dahu, sai dai a rage shi. Don haka kada a kusanto da guga har sai rigar ta bushe an duba ta a haske, an tabbatar babu sauran alama.

Kafin a shafa komai, a san abin da ya ɓata rigar, a kuma san irin yadinta, domin abin da farar auduga za ta jure, siliki da leshi ba za su jure ba. Duk maganin da za a yi amfani da shi, a fara ɗiga shi a ɓoyayyen wuri, kamar cikin kalmasa ko bayan aljihu, a jira kaɗan a ga ko launi zai motsa.

Manja ne ya fi yawan ɓata mana kaya, kuma aikinsa biyu ne, domin akwai maiƙo, akwai kuma jan launi. A fara kwashe abin da ke sama da bakin cokali ba tare da an goga ba, sai a barbaɗa garin sitati ko hoda ko garin alli a rufe wurin, a bar shi kamar minti 30 ya tsotse man. Bayan an kakkaɓe, a ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanuka, a murza a hankali da yatsa daga gefen tabon zuwa tsakiyarsa, don kada ya bazu. Daga nan a juya rigar a bai-bai, a zuba ruwa mai ɗumi ta bayan tabon, yadda ruwan zai tura man ya fita ta inda ya shiga. Sau da yawa maiƙon zai tafi ya bar wani ɗan ruwan ɗorawa, kuma a nan ne mutane suke karaya. Wannan launi ba ya jure hasken rana. Idan rigar fara ce, a shanya ta da danshinta a tsakiyar rana, za a ga yana dusashewa, idan bai gama ba a sake jiƙawa a sake shanyawa. Mai launi kuwa kada a bar ta ta daɗe, domin rana ba ta bambanta launin manja da na atamfa. Wasu suna sa kananzir, amma ban ba da shawarar haka ba, saboda yana barin nasa zoben maiƙon, ga wari, ga haɗarin gobara. Turaren mai da ake shafawa a ƙirjin farar shadda shi ma haka ake bi da shi, kuma ya fi kyau tun farko a shafa shi a jiki ya sha iska kafin a sa riga.

Goro ya fi manja taurin kai, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda a Saliyo da Gambiya da shi ake rina yadi. Yana ƙara duhu idan ya sha iska, saboda haka a ɗauraye shi nan take da ruwan sanyi mai yawa, a matsa lemun tsami a wurin, a bar shi kamar minti 10, a ɗauraye, sannan a jiƙa da omo. Kada a fara da sabulun sanda ko kanwa, domin suna iya kama launin su ƙara zaunar da shi. Shayi da zoɓo duk a wannan layi suke, sai dai sun fi sauƙin fita.

Jini, wanda kowane gida ke gamuwa da shi a lokacin layya, ruwan sanyi kaɗai yake so da farko, domin ruwan zafi yana daskarar da shi ya manne. A jiƙa da ɗan gishiri, a riƙa sauya ruwan har ya daina ja, sannan a sa sabulu. Idan ya riga ya bushe a kan farin yadi, ruwan haidurojin da ake sayarwa a kyamis don wanke ciwo yana taimakawa. Za a ga yana kumfa, sai a ɗauraye da kyau. Tawadar biro kuwa sifirit take ji ko man tsaftace hannu, amma a shimfiɗa tsohon farin ƙyalle a ƙarƙashi, a riƙa dannawa da auduga ana matsar da ƙyallen, don tawadar ta sauka a kansa maimakon ta koma cikin rigar. Tsatsar da waya ko ƙusa ko tsohon bokiti ke bari, lemun tsami da gishiri da rana suke cire ta.

Dole a yi magana a kan bilic, domin an ɗauke shi maganin kowane tabo, alhali ɓarnarsa ba ta gyaruwa. A kan tsatsa ƙara mata ƙarfi yake yi, shi ya sa a wuraren da ruwan rijiya ko na burtsatse yake da sinadarin ƙarfe, farin kaya ke ƙara rawaya idan an sa shi. Yana cinye siliki da ulu da yadi mai miƙewa kamar roba, kuma ɗigo ɗaya a kan shadda mai launi ya isa ya bar farin tabo na har abada. Amfaninsa yana kan farar auduga ne kawai, a tsarma shi sosai a ruwa kafin a tsoma kayan, kada kuma a bar su su kwana a ciki. Abu mafi muhimmanci, kada a taɓa haɗa shi da lemun tsami ko wani abu mai tsami ko maganin wanke masai, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke cutar da huhu.

Idan wani yadi ya zuba wa wani a wanki, kada a bari ya bushe; a raba su, a sake wanke wanda ya ɓaci da ruwan sanyi da omo sau da yawa tun launin bai zauna ba. Fumfunar damina kuma a fara karkaɗe ta a waje da burushi, a wanke, a shanya a rana sosai, sannan kada a mayar da kayan akwati da ko ɗan danshi. Ƙunar guga idan ba ta wuce ɗan rawaya a kan auduga ba, wanki da rana suna rage ta, amma idan yadin roba ne ya narke ya yi ƙyalli, wannan ya zama aikin tela.

Yagewa iri biyu ce. Wadda ta bi layin ɗinki, kamar a hammata ko bakin aljihun kaftani da mariƙin ƙofa ya fizga, ba ta da wahala: a juya rigar, a bi tsohon layin da zare mai launi ɗaya, a fara ɗinkin kaɗan kafin inda ya ɓalle, a wuce kaɗan bayan inda ya tsaya, sannan a ƙulle. Wadda ta tsaga tsakiyar yadi ita ce mai buƙatar haƙuri, kuma kada a wanke rigar kafin a gyara, domin wanki yana zazzare bakin yagar ya faɗaɗa ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kama baki biyu a tattare su, sai wurin ya tsuke, ya sake yagewa a gefen ɗinkin. Abin da ya dace shi ne a shimfiɗa rigar a kan tebur, a haɗa bakin yagar ya sadu daidai, a sa ƙyalle mara nauyi ta ciki wanda ya fi yagar faɗi da kamar yatsa biyu ta kowane gefe, a kama shi da fil, sannan a bi da ƙananan ɗinki masu bin tsayin zaren yadin. Idan rami ne mai buƙatar faci, kamar wanda tartsatsin kaskon turaren wuta ke yi wa mayafi ko zane, a samo ƙyallen daga jikin kayan, ko daga cikin kalmasa, ko bayan aljihu, ko gefen ɗankwali. A atamfa a daidaita zanen facin da na jikin rigar, fure ya faɗa kan fure, domin ido zane yake bi. Wannan ne dalilin da ya sa ya kamata a riƙa karɓo ragowar ƙyalle daga wurin tela a adana, a kuma wanke shi kafin a yi facin don kada ya tsuke daga baya. Inda ramin yake a gaba, a ƙirji ko kusa da wuya, gwanin tela yana iya faɗaɗa aikin wuyan ya haɗiye shi, a leshi kuma a ɗora fure da aka yanko daga ragowar yadin ko a jera duwatsu.

Idan tabo ya ƙi ji, ko bilic ya riga ya yi ɓarna, saura rini. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yanzu tana rina kaya da baba, kuma a kasuwannin garuruwa da dama akwai masu rinin zamani da ke mayar da farar shadda ruwan ƙasa ko shuɗi ko baƙi. A zaɓi launin da ya fi tabon duhu, a kuma tabbatar an cire duk wani maiƙo tukuna, domin rini ba ya kama wurin da ke da mai. A sani cewa auduga ce ke shan rini da kyau. Zaren roba da teloli suka fi ɗinki da aiki da shi yakan tsaya da launinsa na asali, saboda haka a nuna wa marini ɗinkin ya duba kafin a yi ciniki. Bayan rinin, shadda takan fito a dushe, sai a sa mata sitati a kai wa masu bugu su dawo mata da sheƙinta.