Maganin gajiya da gyambon ciki: inda muke kuskure

Kawuna ɗan dako ne a kasuwar Marwa, buhunan albasa yake lodi tun hantsi har la'asar. Kullum kafin ya tafi gida sai ya tsaya wurin mai tallan magani ya ce, "Malam, a haɗa mini na gajiya." A ƙulla masa ƙwaya huɗu ko biyar a leda, ja da fara da ruwan ɗorawa, babu kwali balle suna. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci, abin da likita ya fara tambaya shi ne launin bayan gidansa. Ashe kwana uku ke nan yana yin sa baƙi ƙirin kamar kwalta, kunya ta hana shi faɗa.

Wannan haɗin shi ne babban kuskurenmu. Ibuprofen, diclofenac, aspirin, naproxen, piroxicam da indomethacin duk 'yan gida ɗaya ne. Mutum ya sha Brufen da safe, da rana ya ƙara da Ibucap, bai san ibuprofen ɗin ne ya sake sha ba. Ciwon bai ragu da wani abin kirki ba, ciki ne ke shan wahala. Idan kuma akwai dexamethasone ko prednisolone a ƙullin, haɗarin zubar jini ya ƙaru. Ka tambayi sunan kowace ƙwaya, ka sha iri ɗaya tak, na 'yan kwanaki. Babba kada ya wuce miligiram 1,200 na ibuprofen a rana sai da izinin likita. Farasitamol ba ɗan gidan nan ba ne, shi ya kamata a fara gwadawa, amma shi ma kada a wuce giram 4 a rana saboda hanta.

Sai masu cewa, "Ai na ci tuwo kafin na sha," ko "Ni allura nake yi, ba ta bi ta ciki." Abinci yana rage raɗaɗi, gaskiya ne, amma ɓarnar ta jini take biyowa. Jiki yana sarrafa wani sinadari, prostaglandin, wanda ke sa bangon tumbi ya fitar da yauƙin da ke kare shi daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci. Maganin yana kashe ciwo ne ta hanyar dakatar da wannan sinadari, sai garkuwar ta tafi tare da ciwon. Don haka allurar diclofenac a ɗuwawu ma tana iya jawo gyambo. Wanda dole ne ya daɗe yana sha, kamar mai ciwon gwiwa, likita kan haɗa masa da omeprazole, maganin rage ruwan tsamin ciki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jiran ciwo. Da yawa jini na zuba a cikinsu ba tare da wani zafi ba. Baƙin bayan gida mai danƙo da wari, aman jini ko mai kama da garin kofi, jiri, ido ya yi fari fat: a daina maganin, a nufi asibiti a ranar. Jiƙon kanwa ko ƙwaryar nono na iya kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, amma ba sa tsayar da jini. Ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, sai dai likita ne zai bambance.

Yunwa da barkono muke ɗora wa laifin olsa, alhali ƙwayar cutar H. pylori, wadda likitoci biyu 'yan Ostareliya suka gano a 1982, ita da waɗannan magunguna ne manyan sababai. Ana gwajinta, ana kuma kashe ta da magani na kwana 10 zuwa 14.

Wanda ya haura shekara 65, wanda ya taɓa gyambo, mai ciwon ƙoda, mai shan maganin tsinka jini da mai tsohon ciki, kada su taɓa waɗannan ƙwayoyi da kansu. Wanda kuma likita ya ɗora kan ƙaramin aspirin don zuciya, kada ya bari sai ya koma wurinsa.

Kawu sai da aka ƙara masa jini leda biyu. Ya koma lodi bayan wata guda, yanzu farasitamol ne a aljihun rigarsa, cikin kwalinsa.