Ranar farko ta tayar da injin da aka yi wa sabon ɗauri

Shekara ashirin da ɗoriya ina garaji a Sabon Gari, nan Damagaram, amma har yau idan muka gama ɗaure inji, ranar tayarwa gabana faɗuwa yake. Ina yaron garaji na taɓa ganin injin Fijo 504 da muka kwana tara a kansa ya fara ƙwanƙwasa cikin minti uku, don kawai mun kunna shi kusine, wato ɓawon ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa, a bushe ba mai. Maigidana bai ce uffan ba, ya miƙo mini kile, wato sifana, ya ce in sake sauke shi.

Da safe nake yin wannan aiki, kafin rana ta take, musamman a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40. Abin farko, na cire buji duka, ƴan Kano su ce fulogi, in sa kile a fulin gaba in juya bilbirke, wato babbar sandar da piston ke juyawa, da hannu zagaye biyu cif. Ya kamata ya tafi sumul. In ya cije a wani wuri, kada ka matsa masa, wataƙila saitin lokacin buɗewar bawul ya goce, piston na taɓa bawul. Gara ka buɗe yanzu. Duba alamomin saiti, ka bi wayoyin buji ɗaya bayan ɗaya. Yawancin masu silinda huɗu, irin 22R na tsohuwar Hilux, jerin 1-3-4-2 suke bi wajen ba silinda wuta.

Sai maganar baƙin mai, wadda ita ce uwar aikin. Ka zuba mai na gargajiya, 20W-50 ko 15W-40, ban da santetik, domin santsinsa ya yi yawa, segiman, wato zobban piston, ba sa samun cin bangon silinda su zauna. Cika filta da mai kafin ka ɗaura ta. Buji na waje, wayar bobin (mai ba buji wuta) a cire, isansi (fetur) a katse, sai ka murza demare (abin tayar da inji) daƙiƙa goma, ka huta rabin minti, ka sake. Haka za ka yi ta yi har jar fitilar mai ta mutu a tablo, allon gaban direba. Ni ba na yarda da fitila kaɗai. Nakan buɗe murfin da ake zuba mai, in haska da tocilar waya, sai na ga mai yana tsattsafowa a kan arbrakam, sandar da ke buɗe bawul, sannan hankalina ya kwanta.

Ruwan radiyato kuma ban da na rijiya ko na ƴan garuwa, gishirinsa ke toshe hanyoyi. Kuma don Allah a bar kalorsta, mai tare ruwa har inji ya ɗau zafi, a wurinta. Mutanenmu na cire ta wai ƙasar zafi ce, alhali ita ke sa inji ya kai zafin aikinsa da wuri.

Yanzu mayar da buji, batir cike, mutum ɗaya a sitiyari, ɗaya a tsaye kan inji, gwangwanin kashe wuta a kusa. In ya tashi fitilar mai ba ta mutu cikin daƙiƙa biyar ba, kashe. In ya ƙi tashi bayan gwaji uku, kada ka yi ta murzawa, isansi zai wanke man da ke bangon silinda. Koma ka duba wuta da saiti.

Da ya kama, kada ka bar shi a ralanti, wato yana juyi a hankali ba a ba shi wuta ba, musamman in arbrakam sabo ne. Riƙe shi tsakanin juyi 2000 da 2500 a minti, har tsawon minti ashirin, kana ɗan ɗagawa kana saukewa. Hayaƙi zai tashi daga jikin salansa, man hannu ne ke ƙonewa, ba komai. Abin tsoro shi ne ɗigar isansi, allurar zafi tana hawa ba tsayawa, ko ƙara mai nauyi daga ƙasa. Taɓa tiyon sama na radiyato: in ya ɗau zafi, kalorsta ta buɗe.

Kashe, bar shi ya huce, ƙara ruwa, leƙa ƙarƙashi. Washegari mukan fita da motar hanyar Mirya mu dawo, ana ba ta wuta ana saki, ba a tsaya kan gudu ɗaya ba. Mai mota nakan ce masa ban da lodin buhunan gero, ban da jan wata mota, kuma a kilomita 500 ya dawo a juye mai da filta. Mafi yawansu sai sun kai dubu biyu suke tunawa da ni.