Darasi na 9: Takin Gargajiya da Takin Zamani a Gonar Kuɓewa

Kimanin wata 2 bayan shuka ake fara tsinkar kuɓewa, daga nan kuma sai a riƙa komawa duk bayan kwana 2 ko 3. Shukar da ke zuba 'ya'ya haka ba hutu tana bukatar abinci a ƙasa tun daga tsiro har ƙarshe.

Takin gargajiya shi ne kashin shanu, na awaki da tumaki, kashin kaji, da takin juji. A hankali yake ciyar da shuka, amma yana gyara ƙasa. Jigawa mai yashi takan fara riƙe ruwa, ƙasa mai tauri kuma ta yi laushi. Amfaninsa yakan kai damina ta gaba. Shi ya sa tun da can manoma ke roƙon Fulani su kwana da shanunsu a gona da rani.

Sai dai a kula da kashin kaji. Ya fi sauran ƙarfi, ɗanyensa kuwa yana da zafi, yana ƙone tsiro. A tara shi a inuwa, a yayyafa masa ruwa, a riƙa juyawa har ya ruɓe ya huce. Sannan a zuba a gona, a cuɗa da ƙasa mako 2 kafin shuka. Kashin shanun da bai ruɓe ba yakan kawo ciyawa. Takin juji kuma a tsince leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura tukuna, domin abinci ne za a noma.

Takin zamani shi kuwa sauri gare shi. Ku duba buhun kamfa, wato takin zamani mai haɗe da sinadaran abincin shuka uku, za ku ga haruffansu: N, P, K. N na ganye ne, P na saiwa, K kuma yana ƙarfafa shuka da 'ya'yanta. Yuriya, wani takin zamanin, N ce kaɗai, kashi 46 cikin 100. Idan aka cika wa kuɓewa yuriya, sai ta yi tsawo da ganye shar, 'ya'ya kaɗan. Ana sa kamfa mako 2 zuwa 3 bayan tsiro, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya a kowane gindi. A bar tazarar yatsu huɗu daga karan, a binne, ƙasa tana da danshi. Yana da tsada, ruwan sama mai yawa yana wanke shi, kuma ba ya gyara ƙasa.

Ga mai ƙaramar gona ko lambu a bayan gida, shawararmu ita ce a fara da takin gargajiya, sannan a ƙara kamfa kaɗan idan akwai hali.

Aikin gida: Ku shuka kunya biyu. Ku sa wa ɗaya ruɓaɓɓen kashin kaji, ɗaya kuma kamfa. Duk ranar tsinka ku ƙirga 'ya'yan kowace kunya, ku rubuta a littafinku, ku kawo aji mu duba tare.