Yadda ake dafa kasule, waken kudancin Faransa, da naman rago

Kasule abincin yankin Langedok ne a kudancin Faransa, kuma garuruwa uku ne ke jayayya a kan na wa ya fi: Kastelnodari, Karkason da Tuluz. Farin wake ne da nama da kitse, a gasa su a kaskon ƙasa har sama ta yi ɓawo. Can suna sa naman alade, mu kuwa hanyar Karkason za mu bi tunda su dama suna sa rago. Fatar aladen da suke shimfiɗawa a gindin kasko, ganda ko ƙafar saniya tana yin aikinta, wato ta sa romo ya yi danƙo.

Ki nemi farin wake dogo, irin wanda Faransawa ke kira lingot, rabin kilo. Yana da tsada a manyan kantuna, gaskiya. Wakenmu na gida zai yi in ba yadda za a yi, sai dai yana saurin narkewa, don haka ki rage masa lokaci a wuta. Ki jiƙa shi ya kwana, da safe ki tafasa minti 10, ki zubar da ruwan.

Kada ki kuskura ki sa kanwa. Duk wadda na gani ta ɓata wannan girki, daga nan ta fara: hannu ya saba, wake ya hau wuta sai a jefa kanwa. Kafin ya fito daga obin ya zama fate, launinsa ya dafe. Ana so kowace ƙwaya ta fito a tsaye, in kin latsa ta da yatsa ta murƙushe.

Ki dafa gandar ko ƙafar saniyar da albasa mai kanumfari biyu a soke, da karas, tafarnuwa da masoro, awa biyu. Ki tace romon, ki dafa waken a ciki har ya yi rabin nuna. Naman kafaɗar rago da cinyoyin agwagwa ki soya su a kitsen agwagwar su yi ja. Man gyaɗa ba ya ba da wannan ƙamshin.

Sai jeri a kasko: ganda ko ƙafar saniyar a ƙasa, kashi ɗaya cikin uku na wake, nama, sannan sauran waken. Ki zuba romo ya rufe su daidai, ki ajiye ragowar da zafinsa kusa da ke. Obin a kan digiri 150, awa uku.

Nan ne ake buƙatar haƙuri. Bayan kamar minti 40 za ki ga sama ta yi fata mai ruwan ƙasa, kitse yana tsattsafowa ta gefe. Ki sa bayan cokali ki danna ta cikin romon a hankali, ban da juyawa. Mutanen Kastelnodari suna cewa sau bakwai ake fasa ɓawon, a ganina huɗu sun wadatar. Duk lokacin da kika buɗe ki duba gefen kasko: in wake ya fara bushewa, ki tsiyaya romo ludayi ɗaya ta gefe. Ɓawon ƙarshe ki bar shi yadda yake.

Faransawa suna cin sa da jar giyar inabi mai ƙarfi ta yankin, irin su Corbières, Minervois ko Fitou, don baurinta yana wanke maiƙo daga baki. Zoɓo mai kauri wanda ba a cika wa sukari ba yana da tsami da ɗan bauri, shi nake kawowa da sanyinsa. Lemon kwalba ba ya tafiya da shi sam.

Ki bar kaskon ya huce minti 15 kafin ki kai shi tebur, da ganyen latas da aka yayyafa wa ruwan lemon tsami. Wanda ya kwana aka ɗumama ma ya fi daɗi, ki dai ƙara masa romo kafin ya koma obin.