Yadda ake aikin sa kai bayan girgizar ƙasa da tsunami

Ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta afku a ƙarƙashin teku daura da arewa maso gabashin Japan, igiyar tsunami ta biyo bayanta ta shafe garuruwan bakin teku a lardunan Iwate da Miyagi da Fukushima, inda mutum sama da 15,000 suka rasu. Da masu ceto suka gama nasu aikin, sai aka bar mutanen gari da laka, kuma 'yan sa kai sun yi watanni suna kwashe ta daga cikin gidaje. Yadda suka tsara aikin ya isa koyi ga duk mai niyyar kai ɗauki irin wannan wuri.

Kada ka kama hanya don tausayi ya motsa maka kawai. A Japan kowane gari da bala'i ya shafa yakan buɗe cibiyar 'yan sa kai, wadda ke karɓar koken masu gidaje ta rarraba wa ƙungiyoyi aiki kowace safiya, saboda haka sai ka jira sanarwar ana buƙatar mutane, ka yi rajista, ka yanki inshora. Bayan girgizar yankin Noto ta 1 ga Janairu, 2024, hukumomi roƙon jama'a suka yi da kada su zo da kansu, domin hanyoyi sun tsattsage, motocin agaji ma da ƙyar suke wucewa. Ka tafi da guzurinka da ruwan shanka da abin kwanciyarka. Wanda ya zo taimako ya buge da cin rabon waɗanda suka rasa muhalli, gara ma ya zauna gida.

Lakar tsunami ba irin ta damina ba ce. Baƙa ce, ta haɗu da ruwan masai da man jiragen ruwa da gilasai da ƙusoshi, a birni irin Ishinomaki kuwa har da rubabben kifi daga masana'antun sarrafa shi. Don haka kana buƙatar dogon takalmin roba mai shimfiɗar ƙarfe a ciki, da safar hannu mai kauri, da tabarau, da takunkumi, domin idan lakar ta bushe ƙura take zama ta shiga huhu. Ka tabbatar ka yi allurar rigakafin tetanus, kuma ko ƙwarzane ka samu, ka wanke da ruwa mai tsabta ka sanar da shugaban ƙungiya.

Kafin ka ɗaga shebur, ka nemi sanin tudu ko dogon bene mafi kusa. Ƙasa ba ta daina motsi da wuri; ranar 7 ga Afrilu, 2011, an sake yin wata girgizar da ta haura maki 7. Da zarar an yi gargaɗin tsunami, ka yar da kayan aiki ka haura da ƙafa.

A cikin gida ana fara fitar da manyan kaya da tabarmin tatami masu kauri da Japanawa ke shimfiɗawa a ɗaki, waɗanda idan sun sha ruwa sai mutum uku ko huɗu suke iya ɗaga ɗaya. Daga nan a kwashe lakar ɗaki, a ɓalle katakon daɓe da izinin mai gida a yashe ta ƙarƙashi, a bar wurin ya bushe sarai kafin a mayar, in ba haka ba katako ya ruɓe. Kada ka cika buhu ya wuce rabi, domin wani ne zai ɗora shi a baro, kai kuma bayanka zai gaya maka kafin azahar.

Abin da ya fi wuya shi ne tuna cewa tarkacen da ke gabanka gidan wani ne. Kofi mai tsagewa ko jakar makaranta da ta cika da yashi na iya zama abin da ya rage wa uwa daga ɗanta, shi ya sa ba a zubar da komai sai an nuna wa mai shi, ba a ɗaukar hoto, ba a kuma tambayar wa ya rasu. In ya fara magana da kansa, ka jingine shebur ka saurara. Hotunan da aka tsinta a ware su daban: ana wanke su cikin ruwa mai ɗan ɗumi, a shafa da yatsa a hankali daga gefe, a tsaya in launin fuska ya fara narkewa, sannan a shanya a inuwa. A garuruwa da dama an jera irin waɗannan hotuna a zauruka don masu su su zo su duba.

Da yamma ka wanke kayan aiki ka mayar cibiya, ka ba da rahoton inda aka tsaya da abin da mai gida ya roƙa, domin ƙungiyar gobe ta ɗora daga nan.